Zan iya gina bangon talabijin mai murhun lantarki da hannuna?

Wani ɗan'uwa mazaunin Leeds a ƙasar Ingila ya aiko da tambaya. Ya sayi tsohon gida na jan bulo, bangon falonsa ya kai mita 3.4 a faɗi, yana da talabijin mai inci 65, kuma yana son ya yi irin adon nan da ya zama yayi a gidajen Ingila: a tayar da wani bango na katako a gaban na asali, a yi wa talabijin gurbi a sama, a binne dogon murhun lantarki, irin na ado da ɗumama ɗaki, a ƙasa, a ɓoye wayoyi gaba ɗaya. Yana da hutun mako guda, ya ɗan iya riƙe zarto da injin huda bango, amma maiɗakinsa tana fargabar zafin murhun zai lalata talabijin, ga kuma yara ƙanana a gidan. Yana son ya san ko aikin na mutum ɗaya ne, da kuma inda ya kamata ya fara.

Malam, za ka iya, amma ba duka ba, kuma ba a cikin mako guda ba. Aikin katakon shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin, duk da cewa shi ne ya fi ba mutane tsoro. A shekarun da na yi ina irin wannan aiki a gidajen arewacin Ingila, ban taɓa zuwa gyaran bangon da ya rushe ba. Abin da ake kira na a kansa kullum ɗaya ne daga cikin uku: talabijin ya yi sama har wuyan mutanen gida yana ciwo, ko zafi ya rasa hanyar fita, ko kuma wani abu ya lalace a ciki kuma babu yadda za a kai hannu gare shi sai an fasa filasta. Saboda haka shawarata ta farko, wadda sauran duka suka rataya a kanta, ita ce kada ka yanka katako ko guda ɗaya sai murhun da ƙarfen rataye talabijin sun iso gidanka, ka buɗe kwalinsu, ka auna su da tef ɗinka, ka karanta littafin murhun daga farko har ƙarshe. Na taɓa yin gangancin gina firam bisa awon da aka rubuta a shafin mai sayarwa a intanet, domin mai gidan yana sauri. Da murhun ya iso sai na tarar yana da wani ɗan leɓe na ƙarfe a gefe wanda ba a lissafa shi a awon ba, bai kai faɗin ɗan yatsa ba, amma sai da na kwance ginshiƙai biyu da katakon da ke kansu. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aikin kimar ido ba ta wadatarwa, haka ma awon da wani ya yi maka.

Ya kamata ka fahimci abin da za ka saya. Murhun lantarki abu biyu ne a cikin akwati ɗaya. Akwai harshen wuta na ado, wanda fitilun LED ne da madubai ko wani allo ke nuna shi, kuma wutar da yake ci ba ta fi ta ƙwan fitila ɗaya ko biyu ba. Sannan akwai na'urar ɗumama ɗaki, wadda waya ce mai zafi da fanka ke hura iska ta kanta, kuma ita ce ke cin wat 1,500 zuwa 2,000 idan an ƙure ta. Ana iya kunna harshen wutar ba tare da zafin ba, kuma haka mafi yawan mutane suke amfani da shi a kusan duk shekara. Dalilin kuwa a lissafi yake: wat 2,000 na awa ɗaya yunit biyu ke nan. A ɗauka yunit ɗaya kwabo 25 ne na kuɗin Ingila, to awa huɗu a kowane dare fam biyu ne, a wata kuma fam sittin. Yunit ɗin iskar gas kuwa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne na wannan farashi, don haka tukunyar gas da ke ɗumama gidanka ta fi araha nesa ba kusa ba. Ka ɗauki murhun a matsayin ado da ke iya kore sanyin falo na ɗan lokaci, kamar yadda kaskon garwashi yake yi a ɗakin tsohuwa da hunturu, kada ka ɗora masa nauyin ɗumama gida.

Abin dubawa na farko a jikin murhun shi ne ta inda zafinsa yake fita. Wanda aka yi domin a binne shi a bango yana fitar da iska mai zafi ta gaba, yawanci ta wata siririyar tsaga a saman gilashin, wasu kuma ta ƙasa. Akwai masu araha da aka yi domin a rataye su a fuskar bango, waɗanda suke fitar da zafi ta samansu. Idan ka binne irin wannan, zafin zai taru a cikin katako kai tsaye a ƙarƙashin talabijin ɗinka, na'urar tsaron da ke cikinsa za ta riƙa kashe shi bayan 'yan mintoci, kuma ranar da ita ma ta gaji ba na son in yi tunanin abin da zai biyo baya. Araha ba ta ado, a nan ma har haɗari take jawowa. Ka kuma duba ta inda yake shaƙar iska, domin fankar ba za ta hura abin da ba ta samu ba. Wasu suna ja daga gaba, wasu daga ƙasa ko daga sararin da ke bayan bangon, kuma irin waɗannan suna buƙatar a bar musu kafa. Na uku, ka tambayi mai sayarwa ko ana iya cire gilashin a gyara fanka da fitilu daga gaba bayan an gama filasta. Murhun da ba shi da firam a gefensa, wanda filasta take zuwa har bakin gilashinsa, ya fi kyau a ido, sai dai wasu daga cikinsu ba sa fitowa sai an fasa bango.

Yanzu maganar tsayi, wadda nake ganin ita ce mutane suka fi yin sakaci da ita. Talabijin mai inci 65 faɗinsa kimanin santimita 145 ne, tsayinsa kimanin 83. Idon mutumin da ke zaune a kujerar falo yana kusan santimita 105 daga ƙasa, kuma a nan ya kamata tsakiyar allon ta kasance ko kusa da nan. To duba abin da ke faruwa idan aka bi hotunan da ake gani: a ɗaga murhu santimita 30 daga ƙasa, shi kansa ya ci 50, a bar tazarar 30 domin doguwar lasifika, sai ƙasan talabijin ya fara a 110, tsakiyarsa ta haura 150. Wannan ga mai zama a kujera ma ya yi yawa. Mu kuwa ka san halinmu, ko da kujerun fam dubu nawa ne a falon, bayan sallar isha'i a kan kafet ake taruwa, a nan ake cin tuwo, a nan yara suke kwanciya, kuma idon mai zaman ƙasa bai wuce santimita 75 zuwa 80 ba. Wanda ya zana hoton da ka gani bai yi lissafi da wannan ba. Don haka ka nemi murhu dogo amma gajeren tsayi, mai santimita 35 zuwa 40, ka sauke shi ƙasa iyakar yadda littafinsa ya yarda, misali santimita 20, ka bar tazarar da littafin ya ce tsakaninsa da abin da ke samansa. Idan tazarar ta kama 22, to ƙasan talabijin zai fara a wajen 80, tsakiyarsa ta tsaya a wajen 122, wanda wuya zai iya jurewa. Kafin ka yanke shawara, ka yanke kwali daidai girman talabijin, ka manna shi a bango da salatif a tsayin da ka zaɓa, ka zana gurbin murhun a ƙarƙashinsa, ku zauna da iyali ku dube shi dare biyu. Idan maiɗakinka ta ce ya yi sama, ya yi sama.

Fargabarta game da zafi tana da tushe, amma maganinta ba mai wuya ba ne. Yawancin kamfanonin talabijin sun rubuta cewa kada zafin wurin da yake aiki ya wuce kimanin digiri 40 na ma'aunin Selshiyas. Iskar da ke fitowa daga murhun tana tahowa gaba sannan ta tashi sama tana lasar fuskar bango, saboda haka talabijin da aka shigar cikin gurbi, fuskarsa daidai da bangon ko ta ɗan shige ciki, ya fi samun kariya a kan wanda aka rataye a waje ya turo ƙirji. Idan ka yi gurbin lasifika ko wata 'yar kanta a tsakaninsu, ita ma tana karya zafin. Sai dai talabijin shi ma yana fitar da nasa zafin ta baya da sama, kuma idan ka matse shi a gurbi kamar hula a kai, da kansa zai dafa kansa ba tare da taimakon murhu ba. Wasu kamfanoni suna neman a bar santimita 10 a kowane gefe. Masu son ado suna barin biyu. Ni ba na barin ƙasa da biyar, kuma ina buɗe wata tsaga a rufin gurbin, inda ido ba ya gani, domin iska mai zafi ta haura cikin sararin bangon ta fita ta wata kafa a can sama ko a gefe. Idan ka shafa wa cikin gurbin fenti mai duhu, tazarar ba za ta ɗauki ido ba. Akwai kuma wata fa'ida ga gurbi mai yalwa: talabijin ba ya daɗewa kamar bango, kuma wanda zai gaje shi ba lallai ne awonsa ya zo daidai ba. Idan kana da niyyar komawa inci 75 wata rana, ka sani faɗinsa ya kusa santimita 168, kuma yanzu ne lokacin yanke wannan shawara.

Kafin firam, ka binciki bangon asali. Tunda gidan tsoho ne, mai yiwuwa akwai tsohon murhu da bututun hayaƙi a wannan bangon ko an toshe shi. Idan an toshe, za ka ga wata 'yar kafa mai raga a jikinsa. Kada ka rufe ta ruf, domin ita ce ke barin iska ta bi bututun ta hana danshi taruwa. Idan ka ga bututun gas ya leƙo daga ƙasa ko daga bango, kada ka taɓa shi ko da an ce maka a kashe yake. Doka a Birtaniya ta keɓe wannan aiki ga wanda ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin tsohuwar rajistar CORGI a 2009, kuma shi ne zai yanke shi ya toshe yadda ya dace. Ka sayi 'yar na'urar gano waya da bututu a cikin bango, ka bi duk inda za ka huda. Idan silin ɗinka yana da irin shafen nan mai zane-zane da aka yi yayi kafin shekarar 2000, kada ka huda shi sai an gwada, domin wasu suna ɗauke da asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu, kuma ba a haramta shi gaba ɗaya a ƙasar ba sai a 1999. Ka kuma ƙwanƙwasa bangon. Idan ya yi amo kamar ganga, to allon filasta ne aka manna a kan bulo da gam, akwai sarari a tsakani, kuma sukurunka sai ya zama dogo ya ratsa ya kama bulon kansa.

Katakon da aka saba amfani da shi shi ne wanda ake kira CLS, mai kaurin milimita 38 da faɗin 63 ko 89, tsawonsa mita 2.4. Mai 63 ya isa kusan ko'ina. Ka je wurin sayarwa da kanka, ka ɗaga kowane ɗaya ka dube shi ta tsawonsa kamar mai auna bindiga, ka ajiye duk wanda ya lanƙwashe ko ya murɗe, domin allo da filasta ba sa ɓoye karkataccen katako, fallasa shi suke yi. Ka shigo da su falon su kwana uku ko huɗu su saba da ɗumin gidan, tunda ɗanyen katako yana tsukewa idan ya bushe, kuma wannan tsukewar ce take tsaga filasta bayan wata biyu. Zurfin bangon kuwa murhun ne zai faɗa maka. Suna kamawa daga kimanin santimita 15 zuwa 30, sai ka ƙara abin da littafin ya ce a bari a baya. Ka tuna falonka zai rage da wannan zurfin, kuma falon gidajen Leeds ba filin idi ba ne.

Ka yanke kafet a inda bangon zai zauna, kada ka gina a kansa, domin yana lotsawa a hankali. Idan daɓen na falankin zamani ne da ake shimfiɗawa ba tare da ƙusa ba, shi ma a yanke shi a bar masa 'yar tazara, saboda yana motsi da sauyin yanayi, kuma idan ka danne shi zai kumbura a wani wuri. Ka cire katakon gindin bango a wannan sashe domin firam ɗin ya kwanta sosai. Daga nan ka haɗa firam biyu a ƙasa kamar tsani, na baya da zai manne da bango da na gaba da zai ɗauki allo, ka tayar da su, ka haɗa su da gajerun katakai masu tsawo iri ɗaya. Tazarar ginshiƙai kada ta wuce santimita 40 daga tsakiya zuwa tsakiya. Kada ka amince da bangon tsohon gida ko daɓensa. Babu wanda yake a miƙe. Firam na gaba shi ne za ka daidaita da ma'aunin lebur a tsaye da a kwance, ka cike duk giɓin da ke baya da 'yan guntayen katako. A saman gurbin murhun ka ninka katako biyu, domin nauyin abin da ke sama ya sauka a kan ginshiƙan gefe, kada ya danne akwatin murhun ya lanƙwasa shi har gilashin ya ƙi fita. Dandamalin da murhun zai zauna kuma ya zama lebur sosai, tunda layin gilashi mai tsawon mita ɗaya da rabi yana nuna karkata ko ta milimita uku ce.

Talabijin mai inci 65 yana kai kilo 20 zuwa 25, kuma allon filasta shi kaɗai ba abin dogaro ba ne. Ko dai ƙarfen ratayen ya kama jan bulon asali kai tsaye, ko kuma ka sa filawud mai kaurin milimita 18 a bayan gurbin, ɗaure da ginshiƙai ta kowane gefe. Ina ba da shawarar ƙarfe mai hannu wanda ake janyowa waje, domin a cikin gurbi babu inda hannunka zai shiga ya soka waya idan ƙarfen na manne ne. Amma idan aka janyo shi, nauyin yana rinjaya gaba ya ja sukuran sama da ƙarfi fiye da kilo 25 ɗin nan sau da yawa, don haka a nan ba a rowar sukuru.

Sai wayarin, kuma a nan ne nake so ka ajiye kayan aikinka ka kira mai sana'ar. An taɓa kira na wani gida inda murhu ya daina aiki shekara guda bayan an gina bangon, masu gidan kuma suna jin wani wari kamar na kifi idan an kunna zafi. Wannan wari na robar soket ce idan tana ƙonewa. Babu ƙofa, babu kafa, sai da na yanka murabba'i a gefen bangon da aka shafe da fenti mai tsada. Da na haska tocila sai ga ekistenshan mai baki huɗu kwance a cikin ƙurar katako, murhu da talabijin da lasifika da na'urar wasan yara duk a soke a jikinsa, bakin da filogin murhun yake ya yi baƙi ya narke har filogin ya manne. Wanda ya yi aikin ya rufe shi a ciki ya yi filasta ya tafi. A lissafi bai wuce iyaka ba, domin wat 2,000 a kan volt 230 bai kai amfiya 9 ba, fis ɗin filogi kuma 13 ne. Amma ɗaukar amfiya 9 na awanni a jere ta bakin da bai kama sosai ba yana tara zafi a hankali, kuma a bayan bango babu mai gani balle ya taɓa ya ji. Abin da ya dace shi ne murhun ya samu nasa makunni mai fis a wurin da hannu zai kai ba tare da an cire komai ba, ko a gefen bangon ko a cikin wata kanta, sannan a yi wa talabijin soket a cikin gurbinsa, a gefen da ƙarfen rataye ba zai rufe ba. A Ingila, sashen P na dokokin gini, wanda ya fara aiki a 2005, shi ne ke kula da wayarin gidaje. Ƙara soket a kan layin da yake akwai a falo ba ya cikin ayyukan da dole a sanar da hukuma, amma jan sabon layi daga akwatin fis yana ciki, kuma ko wanne ne dole ya bi ƙa'idar wayarin ta ƙasar, wato BS 7671. Mai wayarin zai duba ko layin zai iya ɗaukar ƙarin nauyin, ko akwai na'urar RCD mai yanke wuta idan ta zuba, ya gwada, ya ba ka takardar shaida da za ta yi maka amfani ranar sayar da gida ko ranar da kamfanin inshora ya yi tambaya. Rabin yini ne aikinsa, kuma lokacin kiransa shi ne bayan firam ya tsaya, kafin a rufe allo.

Wayoyin hoto kuwa naka ne. Ka sa bututun roba mai faɗin milimita 40 ko 50, irin na ruwan wanke-wanke, daga gurbin talabijin zuwa kantar da dikoda da na'urar wasa za su zauna, ba tare da kwana mai kaifi ba, domin kan wayar HDMI ya kai milimita 20 a faɗi kuma ba ya son lungu. Ka bar igiya a ciki da za ka ja sabuwar waya nan gaba. Kantocin gefen nan, waɗanda ba komai ba ne illa alkukin ɗakunan iyayenmu da aka yi wa fitila, ka auna su da abin da zai zauna a ciki. PlayStation 5 na farko tsawonsa santimita 39 ne, yana kuma fitar da zafi sosai, ba a kulle shi a akwati. Idan za ka sa siraran fitilun ado, ƙaramin taransifomansu ya zauna inda za a iya canza shi, domin shi ne yake fara mutuwa. Ni a kowane aiki ina barin wata ƙofa ɓoyayya a gefen bangon, allo ne da maganaɗisu ke riƙe da shi, girman da kafaɗa za ta shiga.

Kafin ka rufe, ka zura murhun a gurbinsa, ka kunna shi a zafi mafi ƙarfi na awa ɗaya, kana taɓa katakon da ke kewaye da shi. Ɗumi kaɗan ba laifi. Idan hannu bai iya daɗewa a kai ba, akwai kuskure a tazara ko a hanyar iska. Sannan ka ɗauki hoton firam ɗin gaba ɗaya da tef a miƙe a jikinsa, domin bayan shekara uku ba za ka tuna inda waya ta bi ba. Kada ka cusa audugar hana sanyi a kewayen murhun.

Rufin kuwa zaɓi biyu ne. Allon filasta mai kaurin milimita 12.5 da shafe a kansa shi ne yake sa bangon ya zama kamar da shi aka gina gidan. A kewayen murhun nakan sa mai launin hoda, wanda ya fi jure wuta. Littattafai da yawa ba su wajabta shi ba, amma bambancin kuɗin kaɗan ne. Ɗaya zaɓin shi ne MDF, wato allon da ake yi da matsattsen garin katako, wanda ba ya buƙatar mai filasta, sai dai mahaɗarsa tana yawan tsagewa a layi, bakinsa yana shan fenti kamar soso, ƙurarsa kuma mugunya ce, a waje ake yanka shi da takunkumi mai kyau. Idan ka zaɓi allon filasta, ka ɗaure shi da sukuru kowane santimita 30 ko ƙasa da haka, kan sukurun ya ɗan nutse ba tare da ya yaga takardar ba, kuma kada mahaɗar allo biyu ta faɗo daidai kusurwar gurbi, domin daga nan tsaga take farawa. Ka yanke allon ya zagaye kusurwar. A kowace kusurwa ta waje a sa ƙarfen kusurwa, kuma bango mai kantoci shida yana da kusurwoyi fiye da yadda kake zato. Shafen kansa, wanda bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, ka ba mai sana'ar. Na ga mutane da yawa sun yi firam mai kyau sun ɓata shi a rana ɗaya da cokalin filasta, kuma fitilun adon da suka sa su ne suke tona kowane tudu da kwari da dare. Ka cire murhun kafin a fara, idan kuma irin wanda ba ya fita ne, ka rufe gilashin da tsagar iskar da leda da salatif sosai.

Filasta tana farawa da launin ƙasa mai duhu, ta koma fari-fari mai ɗan ja idan ta bushe, kuma a sanyin Leeds hakan yana ɗaukar kwana huɗu zuwa mako guda. Kada ka kunna zafin murhun domin ka gaggauta ta, za ta tsage. Shafin fenti na farko a tsinka shi da ruwa domin bangon ya sha, in ba haka ba na biyu zai riƙa ɓarewa kamar bawon albasa. Idan ka haɗa lissafin, kwana biyu na firam, rabin yini na mai wayarin, yini ɗaya na allo, yini ɗaya na filasta, mako na bushewa, kwana biyu na fenti da katakon gindi, za ka ga hutunka zai kai ka ga filasta ne kawai, sauran sai a ƙarshen mako biyu masu zuwa.

Na san masu karatu a gida za su ce su ma suna so, kuma na ga an fara yin sa a sababbin gidaje. Filogi da ƙarfin wutar Najeriya iri ɗaya ne da na Ingila, don haka murhun zai yi aiki, amma in ban da wurare irin su Jos da tsaunin Mambila, ko 'yan makonnin hunturu, harshen wutar kawai za a kunna. Ƙaramin janareta ko inbata ta gida ba za su ɗauki wat 2,000 ba, saboda haka a tabbata ba a ɗora ɓangaren zafin a kansu ba. Sannan gara ba ta san ado ba. A yi firam da ƙarfe ko katakon da aka yi wa magani.

Game da yaranka, gilashin gaban ba ya zafi kamar na murhun gas, amma tsagar da iska ke fita tana iya ƙona ɗan yatsa, kuma daidai tsayin mai rarrafe take. Idan murhun yana da makullin yara a rimot ɗinsa, ka kunna shi, in babu, ka kashe daga makunnin bango duk lokacin da babba ba ya falon. Kada a shanya rigar makaranta a gabansa da safe, kada a jingina filo ko dardumar sallah a bakinsa, kuma a bar aƙalla mita ɗaya tsakaninsa da kujera ko labule. Bayan ka rataye talabijin, ka manna ƙaramin ma'aunin zafi a gefensa na ƙasa, ka kunna murhun da talabijin tare na awa biyu, ka kira maiɗakinka ta karanta lambar da idonta. Idan ta tsaya ƙasa da digiri 35, babu abin damuwa. Idan tana neman 40, ka ƙara 'yar kanta mai turowa santimita 8 zuwa 10 a saman murhun, a tazarar da littafinsa ya yarda, ka sake gwadawa.